FASHIN BAƘI: Maganin Kariya Daga Ƙanjamau Da Cututtukan Sanyi: Abin Da Aka Ƙirga A Duniya Da Abin Da Ba A Ƙirgawa A Batsari Da Safana

Kusan duk inda aka fara raba PrEP, wato maganin da mai lafiya ke sha domin kada ya kamu da ƙanjamau, ba a daɗewa likitoci ke cin karo da abu guda: da yawa daga cikin masu zuwa karɓar maganin suna ɗauke da ciwon sanyi, ko tunjere, ko wata cuta da ake kira kalamidiya, kuma akasarinsu ba su sani ba. An ga haka a Ostireliya, an gani a Kenya da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu. Masu adawa da maganin sun riƙe waɗannan alƙaluma a matsayin hujja, suna cewa an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Maganar tana da daɗin faɗa, amma ba haka alƙaluman suka nuna ba. Kuma abin da suka nuna ya shafi mutanen Batsari da Safana fiye da yadda ake zato, duk da cewa yawancin mutanen waɗannan ƙananan hukumomi ba su taɓa ganin ƙwayar PrEP da idonsu ba.

Mene ne PrEP, kuma ina iyakarsa?

Ƙwayar da aka fi sani haɗin magunguna biyu ce, tenofovir da emtricitabine, waɗanda dama ana ba masu ɗauke da ƙanjamau. Amurka ta amince a yi amfani da ita domin rigakafi a shekarar 2012, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba duk wanda ke cikin haɗari mai yawa a 2015, Najeriya kuma ta sanya ta cikin ƙa'idojinta na yaƙi da cutar a 2016. Wanda ke shan ta kullum yadda aka tsara, da wuya ƙwayar cutar ta samu wurin zama a jikinsa. Daga baya aka samu allurar cabotegravir da ake yi duk wata biyu, sai kuma lenacapavir da ake yi sau biyu a shekara. A gwajin da aka yi wa wannan ta ƙarshe a Afirka ta Kudu da Yuganda, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2024, babu ko mace ɗaya da ta kamu cikin mata fiye da 2,000 da aka yi wa allurar.

Iyakar aikinsa ke nan. Ƙanjamau ƙwayar bairos ce ke kawo shi, maganin kuma hana ta hayayyafa yake yi. Ciwon sanyi da tunjere da kalamidiya kuwa ƙwayoyin bakteriya ne, wani jinsi dabam, kuma PrEP ba ya taɓa su ko kaɗan. Kwaroron roba ne ke tare duka biyun.

Ya kamata a tsaya a kan kalmar “sanyi”, domin a bakin jama'a ta zama buhun da ake cusa komai a ciki: ƙaiƙayi, fitar farin ruwa, ciwon mara, ciwon baya, raunin mazakuta, har da rashin haihuwa. Mai tallar magani da lasifika a kasuwa yana son ta a haka, domin kwalba ɗaya ta ishe shi ya yi wa kowa alkawari. A wannan rubutu, ciwon sanyi na nufin cutar da likitoci ke kira gonoriya kawai. Ita kalamidiya, wadda ta fi ta yawa a duniya, ba ta ma da sunan Hausa da aka sani, kuma ba abin mamaki ba ne: cutar da ba ta nuna kanta ba ta cika samun suna ba.

Abin da aka ƙirga

Babban binciken da ake yawan komawa gare shi ya fito a 2019 a mujallar JAMA Network Open, ƙarƙashin jagorancin Jason Ong. Masu binciken sun tattara rahotanni 88 daga ƙasashe daban-daban, suka gano cewa kusan kashi 24 cikin 100 na masu zuwa fara shan PrEP suna ɗauke da aƙalla ɗaya daga cikin cututtukan nan uku tun ranar farko. Wato kusan mutum ɗaya cikin huɗu, kafin ya haɗiye ƙwaya ko ɗaya. Bayan sun fara, idan aka bi mutum 100 tsawon shekara guda, ana samun kamuwa kusan 72. Wannan adadi na biyu shi ne ya fi tayar da hankali, shi ne kuma aka fi yi wa gurguwar fahimta. Ba yana nufin mutum 72 suka kamu ba. Mutum ɗaya yana iya kamuwa sau uku a shekara, a ƙirga shi sau uku.

Wani bincike da aka yi a Ostireliya a kan mutum kusan 3,000, wanda shi ma ya fito a 2019, ya fayyace wannan. Kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen ne suka ɗauki kashi 76 cikin 100 na duk cututtukan da aka gano, kuma fiye da rabinsu ba su kamu da komai ba har aka gama bibiyar su. An dai ga ƙaruwar kamuwa bayan fara shan maganin, amma da aka cire tasirin yawan gwaji daga lissafin, sai ƙaruwar ta ragu sosai. Wanda ke kan PrEP a can ana gwada shi duk wata uku, a fitsari da maƙogwaro da dubura da jini. Wanda ba ya kai, sai ya ji ciwo yake zuwa asibiti. Masunci da ke jefa taru sau huɗu a shekara dole ya fi mai jefawa sau ɗaya kamu, ba don kifi ya fi yawa a gefensa ba.

Akwai gaskiya a cewa wasu sun rage amfani da kwaroron roba da suka ji tsoron ƙanjamau ya kau. Ba za a ɓoye wannan ba. Sai dai abin da ya fi nauyi a ma'auni shi ne, PrEP tun farko an tsara shi ne domin mutanen da ke cikin haɗari, kuma hanyar da ƙanjamau ke bi ita ce dai hanyar da sauran ke bi.

Yawancin rahotannin da Ong ya tattara daga ƙasashe masu arziki suke, kuma a kan maza masu neman maza. Na Afirka sun fi kusa da halin da muke ciki, domin a kan mata matasa aka yi su. A binciken HPTN 082 da aka yi a Harare da Johannesburg da Cape Town, a kan 'yan mata masu shekara 16 zuwa 25 da ke fara PrEP, kashi 39 cikin 100 suna ɗauke da wata cutar da ake warkarwa tun ranar rajista, kashi 29 kalamidiya ce. A Kisumu ta Kenya, cikin mata 449 da ke kan maganin, kusan kashi 18 aka samu da cuta a farkon bincike. A nan gida Najeriya, binciken TRUST da aka yi a Abuja da Legas a kan maza masu neman maza ya samu gonoriya da kalamidiya da yawa, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ɗauke da su ba su da wata alama. Wannan binciken ba na masu shan PrEP ba ne kai tsaye, amma ya nuna abin da ke fitowa da zarar an yi gwaji na gaskiya maimakon tambayar “ina ke maka ciwo?”

Me ya haɗa wannan da Batsari da Safana?

A zahiri kamar babu. Ƙidayar ƙanjamau ta ƙasa da aka yi a 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya bayyana sakamakonta a watan Maris na 2019, ta nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da cutar. Katsina tana can ƙasan jerin da kashi 0.3, Akwa Ibom kuwa ta haura kashi 5. Kuɗin masu ba da tallafi alƙaluma suke bi, saboda haka shirye-shiryen PrEP sun fi ƙarfi a kudu da tsakiyar ƙasar da manyan birane. A jiha irin Katsina, wanda aka fi tsammanin a ba shi maganin shi ne mai aure da aka gwada aka samu abokin zamansa na ɗauke da cutar shi kuma ba ya da ita.

Amma waccan ƙidaya ƙanjamau ta nema, ta haɗa da ciwon hanta a wani ɓangare na mutanen. Ba ta nemi gonoriya ba, ba ta nemi kalamidiya ba. Ƙarancin ƙanjamau a Katsina abin godiya ne, amma ba shaida ba ce a kan sauran. Darasin da asibitocin PrEP suka koya wa duniya shi ne, waɗannan cututtuka suna nan kwance a cikin jama'a, kuma yawan da ake gani a takarda ya danganta ne da yawan gwajin da ake yi. Inda ba a gwaji, rajistar asibiti za ta yi tsaf, a ɗauka lafiya ce.

Tsarin da ake bi a ƙananan asibitocin Najeriya, kamar yawancin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, shi ne a yi magani bisa alamu. Mutum ya zo yana kukan fitar ruwa ko gyambo a al'aura, ma'aikacin lafiya ya duba jadawali, ya ba shi haɗin magungunan da za su kashe duk ƙwayoyin da ake zargi. Tsari ne da aka ƙirƙira domin wuraren da babu ɗakin gwaji, kuma yana aiki daidai gwargwado ga maza, domin gonoriya a jikin namiji takan yi ƙara: zafin fitsari da mugunya cikin 'yan kwanaki. Ga mata kuwa ya gaza ta fuska biyu. Yawancin masu ɗauke da kalamidiya ko gonoriya ba sa jin komai, don haka ba sa zuwa. Yawancin masu zuwa da kukan farin ruwa kuma ba waɗannan cututtuka ke damun su ba, amma a ɗura musu maganinsu.

Sai a ɗora wannan a kan halin da yammacin Katsina ke ciki. Batsari da Safana suna bakin Dajin Rugu, kuma sun shafe shekaru suna cikin ƙananan hukumomin da 'yan bindiga suka fi addaba. A watan Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari a dare ɗaya. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan biyu. Ƙauyuka sun watse, mata da yara sun cika garin Batsari da Dutsin-Ma da birnin Katsina, ma'aikatan lafiya da dama sun daina kwana a inda aka tura su. Matan da aka sace aka kai daji, da waɗanda aka tarar a gidajensu, sun sha ba 'yan jarida labarin fyaɗe. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: bazawarar da aka kashe mijinta, tana gudun hijira da 'ya'ya biyar, ba ta da ƙarfin gindaya sharaɗi ga wanda zai ba ta kwanon masara.

Ga wadda aka yi wa fyaɗe, likitanci yana da amsa bayyananniya. Akwai maganin kariya daga ƙanjamau na bayan faruwar abu, wanda dole a fara shi cikin awa 72 a sha na kwana 28, kuma a ƙa'ida ana haɗa mata da maganin gonoriya da kalamidiya da tunjere nan take. Matar da ta yi wata biyu a hannun 'yan bindiga ta riga ta wuce awa 72 tun tuni. Abin da ya rage mata shi ne gwaji da maganin cututtukan bakteriya, waɗanda ake warkarwa ko an makara. Sulhun da aka yi ta ƙullawa a 2025 a Jibiya da Batsari da Safana ya yi maganar buɗe hanyoyi da kasuwanni da sako waɗanda aka kama. Duk wanda ya bibiyi tarukan ya san ba a jin ana tambayar abin da matan da aka sako suka dawo da shi a jikinsu.

Kuɗin da ake biya a ɓoye

Kalamidiya da gonoriya idan aka bar su a jikin mace sukan hau zuwa mahaifa da bututun da ƙwai ke bi, su bar tabo. Sakamakon shi ne ciwon mara da ba ya jin magani, ko ciki a wajen mahaifa wanda kan fashe ya kashe mace kafin a kai ta asibitin da ake tiyata, ko toshewar hanya gaba ɗaya. A ƙasar Hausa an san wanda ake ɗora wa laifin rashin haihuwa. A ce juya ce, a yi mata kishiya, ko a sake ta. Ita kuwa ƙwayar da ta jawo abin tana nan a jikin maigidan, tana jiran amarya. A gidan da ke da mata uku, yi wa ɗaya magani a bar sauran da mijin aikin baban giwa ne, domin kafin kwanan girki ya zagayo ta sake kamuwa.

Tunjere ya fi muni ga mai ciki. Yana jawo ɓari, da haihuwar ɗa ba rai, da jaririn da zai zo da cutar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta jarirai 700,000 ne suka kamu ta wannan hanya a 2022. Abin takaicin shi ne arhar maganinsa: akwai ɗan tsinken gwaji da ke nuna ƙanjamau da tunjere tare daga ɗigon jini guda cikin mintuna, kuma allurar benzathine penicillin da aka yi wa uwa da wuri tana ceton jaririn. Amma sai matar ta je awo, kuma sai an samu tsinken da allurar a asibitin ranar da ta je.

Namiji shi ma bai tsira ba, ko da yake ya fi samun mafita ta kusa. Da ya ji zafin fitsari sai ya nufi kemis, ya faɗa a kunne, a ƙirga masa kafso na kuɗin da ke aljihunsa. Ya sha na kwana biyu, zafi ya lafa, ya daina. Gonoriya ta shahara wajen koyon jure magani. Ta gama da penicillin, ta gama da tetracycline, ta gama da ciprofloxacin a wurare da yawa, yanzu allurar ceftriaxone ce babban abin dogaro, ita ma an fara samun nau'in da ba ya jin ta a wasu ƙasashe. Kowane rabin magani da aka sha horo ne ake ba ƙwayar.

Wannan ne ya sa sabuwar dabarar da ake yayi a Amurka ba lallai ta yi mana aiki yadda take ba. A can an gwada shan doxycycline miligiram 200 cikin awa 72 bayan saduwa, aka ga ya rage kamuwa da kusan kashi biyu cikin uku a tsakanin maza masu neman maza, hukumomin lafiyarsu suka amince da shi a 2024. Da aka gwada a kan matan nan na Kisumu, babu wani bambanci na a zo a gani: 50 suka kamu a ɓangaren masu shan maganin, 59 a ɗaya ɓangaren. Gwajin gashin kansu ya nuna yawancinsu ba su sha shi yadda aka ce ba, kuma gonoriyar yankin dama ta riga ta daina jin dangin wannan magani. Wanda ya san yadda ake sayar da kafso a kasuwannin ƙauye, a tire, cikin rana, ba zai yi tsammanin tamu gonoriyar ta fi ta Kisumu ladabi ba.

Ko a Turai ma ana muhawara a kan yawan gwajin. Wani bincike a Beljiyam ya nuna gwada maza masu shan PrEP duk wata uku bai rage gonoriya ba, sai ƙara shan magani da ya yi. Amma wannan muhawarar masu ƙoshi ce, kuma a kan maza take. Mace mai bututun mahaifa da jariri a ciki lissafinta dabam ne.

Wa ke da alhaki?

Ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya dakatar da tallafin da Amurka ke bayarwa a ƙasashen waje. Da aka sassauta wa shirin PEPFAR, wanda ya daɗe yana ɗauke da kaso mafi girma na yaƙi da ƙanjamau a Najeriya, sai aka taƙaita PrEP ga masu ciki da masu shayarwa. Majalisar Tarayya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na shekarar domin cike giɓi. An yi ta maganar magungunan masu ɗauke da cutar, kuma ya dace a yi. Abin da ba a lura ba shi ne, ɗakunan da ake ba da PrEP suna cikin wurare ƙalilan a ƙasar nan da ake zaunar da mai lafiya a tambaye shi batun jima'i ba tare da tsangwama ba, a gwada jininsa, a ce ya dawo bayan wata uku. Rufe irin wannan ɗaki rufe ido ne a kan sauran cututtukan.

Ita ma sabuwar allurar tana da nata ƙalubalen. A watan Satumban 2025 aka sanar da yarjejeniyar da za ta sa a samu lenacapavir a kan dala 40 a shekara daga 2027 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Ga matar da ke zaune a Runka ko Ruma, wadda fita zuwa babban asibiti ke nufin kuɗin mota da izinin miji da addu'ar hanya, allura biyu a shekara ta fi ƙwaya 365 nesa ba kusa ba. Sai dai zuwa asibiti zai ragu daga sau huɗu zuwa sau biyu, kuma idan ba a haɗa gwajin tunjere da na sanyi a cikin waɗannan ziyarori biyu ba, za a kare ta daga cuta ɗaya a sallame ta da uku.

Abubuwan da za a tambayi gwamnati a kansu ba na sama ba ne. Jihar Katsina tana da mazaɓu 361, kuma gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta yi alkawarin asibitin matakin farko mai aiki a kowace mazaɓa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin irin waɗannan asibitoci. Gini da fenti ana ganinsu a hoto. Tsinken gwajin tunjere a ɗakin awo da penicillin a cikin kabad ba a ganinsu, kuma su ne kansila da ɗan majalisar jiha ya kamata su iya ba da amsa a kansu. Na'urorin GeneXpert da aka rarraba a manyan asibitocin ƙasar nan domin tarin fuka suna iya gano gonoriya da kalamidiya idan aka sayo musu kwanson gwajin da ya dace. Tsadar kwanson ce matsalar, kuma wannan magana ce ta kasafi. Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, wadda ta ambaci ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin jini na sikila. A Katsina ma iyaye da limamai da yawa suna neman takardar gwaji kafin ɗaurin aure, kuma ƙara tunjere a kan wannan takarda ba zai buƙaci ɗigon jini na biyu ba.

Hukumar yaƙi da ƙanjamau ta jihar, KATSACA, da hukumar lafiya matakin farko su ne ke riƙe da rajistar asibitoci. Adadin masu cikin da aka yi wa gwajin tunjere a Batsari da Safana a bara, da adadin waɗanda aka samu da shi, da adadin waɗanda aka yi wa allura tare da mazajensu, lambobi uku ne da ya kamata a ce suna cikin wannan rajista, kuma duk ɗan jarida ko ƙungiyar matasa na iya rubuta takarda ta neme su.